GALILEYO DA MADUBIN HANGEN NESA

Ranar da ake neman jinjirin watan azumi, mutanen Maradi sukan fito bayan faɗuwar rana su fuskanci yamma. A Sabon Gari, da Tibiri, da Jiratawa, kowa ya ɗaga kai yana dube. Bayan kwana 14 wata ya cika, yara su fita wasan dare. Wanda ya ƙura masa ido zai ga baƙaƙen tabo a fuskarsa. Mene ne waɗannan tabo? Mutane sun yi shekaru dubbai suna wannan tambaya, amma ba su da abin dubawa sai idonsu.

Wani malamin lissafi na ƙasar Italiya yana cikin na farko da suka dubi wata da madubi. Sunansa Galileyo Galileyi. A littattafan Faransanci ana rubuta sunan Galilée. Ga labarinsa.

1. Ƙuruciyarsa

An haifi Galileyo ranar 15 ga watan Fabrairu na shekarar 1564, a birnin Piza. Ya yi zamani da Ahmad Baba na Tumbutu, da Wali Ɗan Masani na Birnin Katsina.

Shi ne ɗan fari a gidansu. Ubansa Binsenzo makaɗi ne, yana kaɗa wani abu mai tsirkiya kamar molo. Makaɗin nan mutum ne mai bincike. Yakan rataya nauyi a tsirkiya, ya kaɗa, ya ƙara nauyi, ya sake kaɗawa, don ya ji yadda sautin yake canjawa. A gidan nan Galileyo ya ga ana gwada abu kafin a yarda da shi.

Ubansa yana so ya zama likita, domin aikin likita yana kawo kuɗi. Da yaron ya kai wajen shekara 17 aka sa shi jami'ar Piza ya koyi aikin magani. Amma hankalinsa bai zauna can ba. Ya gamu da wani malamin lissafi mai suna Ostiliyo Rici, lissafi ya shiga ransa. A shekarar 1585 ya bar jami'a ba tare da takardar shaida ba. Ya koma gida yana koyar da lissafi, yana ci gaba da karatu shi kaɗai.

2. Malami mai nauyin gida

A shekarar 1589 jami'ar Piza ta ɗauke shi malamin lissafi. Albashin kaɗan ne. Bayan shekara 2 ubansa ya rasu, nauyin gida ya dawo kansa. Shi ne mai ciyar da uwarsa, shi ne mai biyan dukiyar auren ƙannensa mata. Bashi ya hau shi.

A shekarar 1592 ya sami aiki a jami'ar Paduwa, cikin ƙasar Benis. Ya yi shekara 18 a can. Don ya ƙara samun kuɗi, ya sauki ɗalibai a gidansa suna biyansa. Ya ɗauki wani maƙeri, suna ƙera kayan awo na tagulla suna sayarwa. Ta haka hannunsa ya saba da aiki, kamar yadda kansa ya saba da lissafi. Yana kuma gangaro ƙwallayen ƙarfe bisa katako mai gangare, yana auna lokaci, don ya gane yadda abubuwa suke faɗuwa. A Paduwa aka haifa masa ƴaƴa 3, mata 2 da namiji 1.

A zamanin nan jami'o'in Turai suna bin koyarwar Aristo, wani masani na ƙasar Girka ta dā. Ana koyar da cewa duniya tana tsaye a tsakiya, rana da wata da taurari duka suna kewaya ta. Ana cewa kuma abin da ke sama ba shi da aibi, wata sumul yake kamar ƙwai. Amma a shekarar 1543 littafin wani masani na ƙasar Polan, mai suna Kofernik, ya fito. Shi ya ce rana ce a tsakiya, duniya ce mai kewaya ta. Mutane kaɗan suka yarda, domin ba wanda yake jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafarsa.

3. Bututu mai gilashi biyu

A shekarar 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lifahe, ya nuna wa hukuma wani bututu mai gilashi biyu. In an leƙa ciki, abin da ke nesa sai ya matso kusa. Yana ƙara girman abu kamar sau 3.

Labari ya kai kunnen Galileyo a shekarar 1609. Ya zauna ya yi tunani, ya haɗa nasa. Ya sami bututun darma. A bakin gaba ya sa gilashi mai tudu, wanda yake tattara haske. A bakin da ake sa ido ya sa gilashi mai kwarmi. Gilasan da ake sayarwa a kasuwa ba su gamsar da shi ba, sai ya koyi gogar gilashi da hannunsa. Aiki ne mai wuya: ya goge da yawa, kaɗan ne suke yin kyau.

A watan Agusta ya gama wanda yake ƙara girma wajen sau 8. Ya kai shi Benis, birnin fatake masu jiragen ruwa. Dattawan majalisa suka hau doguwar hasumiyar birnin, suka leƙa. Suka hango jirage a teku, waɗanda ido bai iya ganinsu ba sai bayan awa 2. Suka ga amfanin abin ga ciniki da yaƙi. Suka riɓanya albashin Galileyo, suka tabbatar masa da aikinsa har iyakar ransa.

Shi kuwa bai tsaya nan ba. Kafin ƙarshen shekara ya yi wanda yake ƙara girma sau 20. Wannan ne ya ɗaga sama.

4. Duwatsun wata

Tsakanin duniya da wata akwai wajen kilometir 384.000. Madubi mai ƙara girma sau 20 yana nuna shi kamar yana kilometir 19.000. Madubin Galileyo yana da matsi, ba ya nuna wata gaba ɗaya, sai gefe gefe. In hannu ya yi rawa, ko numfashi ya taɓa gilashin, sai hoton ya ɓace. Duk da haka ya yi dare da yawa cikin sanyin Disamba na 1609, yana dubawa yana zanawa.

Wani Bature na Ingila, Tomas Hariyot, ya riga shi zana wata da madubi da ƴan watanni. Amma Galileyo ne ya bayyana ma'anar abin da ake gani.

Ya lura da layin da ya raba gefen haske da gefen duhu. Da wata sumul yake, da layin ya tafi sosai ba karkata. Sai ya gan shi da gargada kamar bakin fasasshiyar tukunya. Ya ga kuma ɗigo ɗigo na haske a cikin gefen duhu. Bayan awa 2 ko 3 ɗigon nan suka yi girma, suka haɗe da gefen haske.

Mai sammako ya san irin wannan. Da sassafe rana takan fara taɓa ƙolin hasumiyar masallaci da kan dogon gawo, alhali ƙasa tana cikin inuwa. Sannu sannu haske ya sauko. Galileyo ya gane cewa ɗigon nan kawunan duwatsu ne da rana ta fara haskawa. Ya ga ramuka masu kewaye, da kwaruruka, da filaye. Baƙaƙen tabon da ido yake gani manyan filaye ne shimfiɗaɗɗu. Da lissafi ya auna tsawon waɗansu duwatsun, ya sami wajen kilometir 6. Ashe wata ƙasa ce mai tudu da gangare, kamar duniya.

Ya bayyana wani abu kuma. In wata yana jinjiri, akan ga sauran jikinsa da ɗan haske toka toka. Galileyo ya nuna cewa hasken rana ne ya faɗa wa duniya, duniya ta mayar da shi ga wata. Ke nan duniya ma tana haska wata, kamar yadda wata yake haska ta.

5. Kaza ta ƙara ƴaƴa

Kowane ɗan ƙauye ya san taurarin da ake kira kaza da ƴaƴanta. Ido yakan ƙirga 6, mai kaifin gani ya ƙirga 7. Da Galileyo ya leƙa su, ya zana waɗansu 36 da ba a taɓa gani ba. Ya juya madubi ga farar hanyar nan da take ratsa sama kamar hayaƙi a daren duhu. Ya tarar ba hayaƙi ba ne, taurari ne birjik, sun fi ƙarfin ƙirga.

6. Fadawan Mushtari

Akwai taurari 5 masu haske da ba su zama wuri guda cikin ƴan uwansu. Ana kiransu taurari masu yawo. Duniyoyi ne, ba su da hasken kansu, hasken rana suke mayarwa. Babbarsu ita ce Mushtari, wadda Turawa suke kira Jupiter.

Daren 7 ga Janairu na 1610 Galileyo ya dubi Mushtari. Ya ga ƙananan taurari 3 jere kusa da ita, 2 a gabas, 1 a yamma. Ya rubuta a takarda. Kashegari ya sake dubawa, ya ga duka ukun sun koma yamma. Abin ya ba shi mamaki. Ran 9 girgije ya rufe sama, ya kwana bai ga kome ba. Ran 10 ya ga 2 kawai, a gabas. Ran 13 ya ga 4.

Kowane dare yana zana wurin da suke. Daga zanen ya gane gaskiya: waɗannan watanni ne, suna kewaya Mushtari. In ɗaya ya ɓace, ya shiga bayanta ne ko ya gitta ta gabanta. Mafi kusa yana kewayo cikin awa 42, mafi nisa cikin wajen kwana 17.

Wannan babban abu ne. Ga abubuwa 4 a sama da ba duniya suke kewayawa ba. Kuma masu musun Kofernik sukan ce, in duniya tana tafiya, ai sai ta bar wata a baya. To, ga Mushtari tana tafiya, watanninta suna biye da ita kamar sarki da fadawansa ranar hawan salla.

A watan Maris na 1610 ya buga ƙaramin littafi a Benis, sunansa yana nufin Manzon Taurari. An buga 550, suka ƙare nan da nan. Sunan Galileyo ya game Turai. Sarkin ƙasar Toskana, Kosimo na 2, wanda dā ɗalibinsa ne, ya kira shi birnin Filorans ya zama masanin fada.

Ba kowa ya yarda ba. Waɗansu suka ce gilashin ne yake ruɗin ido. Wani babban malami na Paduwa, Keremonini, ya ƙi ko leƙawa. Amma masanin taurari Kefla na ƙasar Jamus ya duba ya gani. Malaman lissafi na majami'ar Katolika a Roma su ma suka duba, suka shaida. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

7. Zara da rana

Tauraruwar nan mai tsananin haske da ake gani a yamma bayan magariba ita ce Zara, matar wata. In ta fito da asuba a gabas, ana ce mata gamzaki. A ƙarshen 1610 Galileyo ya bi ta wata da watanni. Ya ga tana canja kama kamar wata. Wani lokaci ƙarama ce, kusan cikakkiya. Wani lokaci babba ce, amma siririya kamar lauje. Wannan ya nuna Zara rana take kewayawa: in ta yi nisa bayan rana a gan ta ƙarama cikakkiya, in ta matso kusa da duniya a gan ta babba siririya.

Ya dubi Zuhalu, ya ga kamar tana da kunne 2. Madubinsa bai kai ya nuna masa gaskiyar abin ba. Sai a shekarar 1659 wani masani na Holan, Hoigens, ya bayyana cewa zobe ne ya kewaye ta.

Rana ma ya bincika ta. Yakan bar haskenta ya bi ta cikin bututu ya faɗa bisa farar takarda, ya zana abin da ya fito. Ya ga baƙaƙen tabo suna tafiya daga gefe zuwa gefe. Ya gane rana tana juyawa a kanta cikin wajen wata guda.

8. Shari'a a Roma

Galileyo ya fito fili yana goyon bayan Kofernik. Mutum ne mai kaifin baki, yakan yi wa abokan gardamarsa ba'a, ya tara maƙiya. Waɗansu suka kai ƙararsa ga majami'a, suka ce maganarsa ta saɓa wa littafin addininsu. Shi kuwa Kirista ne mai riƙo da addini. A ganinsa littafin addini yana koyar da hanyar tsira, ba lissafin taurari ba.

A shekarar 1616 hukumar majami'a ta hana koyar da cewa duniya tana tafiya. Aka kira Galileyo aka gargaɗe shi. Ya yi shiru shekaru. A 1623 wani da ya san shi, mai son ilimi, ya zama Paparoma da sunan Urban na 8. Galileyo ya ga kamar dama ta samu. Ya rubuta babban littafi, inda mutum 3 suke muhawara a kan ra'ayoyin biyu. Ya rubuta shi da Italiyanci, harshen da jama'a suke ji, ba da Latinancin malamai ba. Littafin ya fito a 1632.

Duk mai karatu ya ga ɓangaren da marubucin ya fi so. Kuma hujjar da Paparoma yake ƙauna, an sa ta a bakin mutumin da ake kayarwa a gardama. Paparoma ya fusata. A cikin littafin akwai kuskure ma: Galileyo ya ɗauka motsin duniya ne yake kawo cikar teku da janyewarta, alhali jan wata ne babban dalili. Abin da ya gani da madubi ya rushe koyarwar Aristo, amma cikakkiyar shaidar tafiyar duniya sai bayan mutuwarsa aka same ta.

A shekarar 1633 aka kira shi gaban kotun addini a Roma. Yana da shekara 69, ba shi da lafiya. Aka yi masa tambayoyi, aka tsorata shi da azaba. Ran 22 ga Yuni ya durƙusa gaban alƙalai, ya janye maganarsa. Aka hana karanta littafin, aka yi masa ɗaurin talala har ƙarshen ransa.

9. Ƙarshen rayuwarsa

Ya zauna a gidansa na Arcetiri, kusa da Filorans. Babbar ɗiyarsa, Mariya Selesta, tana gidan mata masu ibada a nan kusa. Ita ce mai kwantar masa da hankali. Takan rubuta masa wasiƙu, ta haɗa masa magani, ta ɗinke masa tufafi. Wasiƙunta 124 suna nan har yau. A watan Afrilu na 1634 ta rasu tana da shekara 33. Baƙin ciki ya kusa kashe tsohon.

Duk da haka ya koma ga aiki. Ya tattara bincikensa na Paduwa a kan motsi da faɗuwar abubuwa, ya yi littafi. Aka fitar da shi a ɓoye, aka buga a Holan a 1638. A lokacin idanunsa sun riga sun mutu. Mutumin da ya ga watannin Mushtari bai iya ganin tafin hannunsa ba. Ɗalibansa Bibiyani da Toriceli suka zauna tare da shi, yana faɗa suna rubutawa.

Ya rasu ran 8 ga Janairu na 1642, yana da shekara 77. Aka binne shi ba biki a wani ɗan ɗaki. Sai a 1737 aka mai da ƙasusuwansa cikin babbar majami'ar Santa Kuroce ta Filorans. A 1835 aka cire littafinsa daga jerin haramtattu. A 1992 Paparoma Yohana Bulus na 2 ya amsa cewa alƙalan Galileyo sun yi kuskure.

A 1969 mutane suka sauka a kan wata, suka taka ƙurarsa, suka ɗebo duwatsunsa. A 1995 wani kumbo mai suna Galileyo ya isa Mushtari. Yanzu an san tana da watanni fiye da 90. Madubai 2 na Galileyo suna ajiye a gidan tarihi na Filorans. Ƙaramin madubin ɗan koyo na yau ya fi su nuna abu sarai.

KALMOMI

Jinjirin wata: sabon wata na kwana 1 ko 2.
Kwarmi: wuri mai zurfi a tsakiya, kamar cikin ƙwarya.
Darma: ƙarfe mai nauyi mai taushi.
Muhawara: gardama ta ilimi, kowa da hujjarsa.
Ɗaurin talala: tsare mutum a gidansa, ba shi da ikon fita.

TAMBAYOYI

1. Wane aiki uban Galileyo ya so ya koya? Me ya sa ya bari?
2. Wa ya fara nuna madubin hangen nesa, a wace ƙasa?
3. Yaya Galileyo ya gane akwai duwatsu a kan wata?
4. Me ya gani kusa da Mushtari daga 7 zuwa 13 ga Janairu na 1610?
5. Wane kuskure ne yake cikin littafinsa na 1632?
6. Shekara nawa ke tsakanin shari'ar Roma da 1992?

AIKI

1. Ku dubi wata kowane dare, daga tsayuwarsa har kwana 14. Ku zana kamarsa cikin littafinku, ku rubuta kwanan wata a ƙarƙashin kowane zane.
2. Ku shiga ɗaki mai duhu da fitila da lemo. Ɗaya ya riƙe lemon ya kewaya fitilar, sauran su tsaya nesa. Ku faɗi lokacin da kuka ga lemon cikakke, da lokacin da kuka gan shi kamar lauje.
3. In makaranta ta sami aron madubin hangen nesa, ko mai ido biyu, ku zaɓi daren da babu hazo, ku nisanci fitilun lantarki. Ku ɗora madubin bisa katanga ko turmi don kada ya yi rawa. Wata na kwana 7 ya fi na kwana 14 nuna duwatsu, domin inuwarsu ta fi tsawo. Ku dubi layin da ya raba haske da duhu.

GARGAƊI: Kada kowa ya dubi rana da madubi, ko da ƙiftawar ido ce. Tana makantar da mutum nan take.